Ɓawon kaɗanya a bakin allura: shaidar wani tela daga Jos

Ni tela ne, haifaffen Jos, kuma shekara goma sha huɗu ke nan da rabin aikina ya koma ɗinka bargon bango. Yadi ne rufi uku da ɗinki ke ratsawa ya haɗe su, ba don a lulluɓa ba, don a rataya a bango a kalla. Turawa na ce masa kwilt. Duk wanda ya fita daga hannuna, daga jikin bishiya na ɗauko fasalinsa. Rayuwata ba ta da wani labari da ya wuce wannan aiki, saboda haka shi zan shaida, yadda hannu da ido suka san shi.

Ɗinkin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifida, su da dawakinsu cikin lifidi: yadi a sama, auduga a tsakiya, yadi a ƙasa, allura ta bi ta ɗaure. Masu katifar auduga ma haka suke yi. Abin da ya zo daga waje shi ne ratayawa don ado. A Amurka, matan wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin tufafin aiki, sai a 2002 aka baje su a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York. A Yuganda kuwa ɓawon kansa ake ɗayewa daga wata bishiya dangin cediya, a buge shi har ya zama tufa, sana'ar da UNESCO ta karrama a 2005. Namu dabam ne, ba ɓawon muke mayarwa tufa ba, kamanninsa muke ɗauka. Kuma ga wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar da batun zane, sananne ne cewa Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba mai sana'ar zane shawarar ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne ya sayi yadi ruwan ƙasa, ya ja layuka baƙaƙe daga sama zuwa ƙasa, ya ce ga ɓawo. Abin da ke fitowa labule ne. Ɓawo ba zane ba ne, tsagewa ce. Bishiya daga ciki take ƙara kauri, fatar waje kuma ta riga ta mutu ba ta miƙewa, dole ta fashe, ko ta ɓare, ko ta saɓule. Kowace da irin tata fashewar, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. To aikin tela a nan shi ne ya sa yadi ya yi abin da ɓawon ya yi: inda bishiya ta tsage ya tsaga, inda ta kumbura ya cusa, inda ta saɓule ya bar ƙyalle ya naɗe. Idan aka yi haka inuwa da kanta take faɗawa cikin ramukan, ba sai an zana ta ba.

Kaɗanya ɓawonta kauri ne da shi, ya rabu gida-gida kamar bayan kada, kuma ta fi samuwa idan ka gangara daga tudun Jos. Tsamiya tsagarta dogaye ne sirara, da 'yan gajeru masu gitta su. Darbejiya ta fi ta faɗin tsaga, cikin tsagar da ɗan ja. Maɗaci ɓarewa yake yi ƙanana-ƙanana kamar ɓawon kifi. Kuka sumul take, tana sheƙi, sai naɗe-naɗe irin na fatar giwa. Ararrabi, wanda wasu ke ce wa hano, a jikin duwatsu yake fitowa, yana saɓule fata siririya kamar takarda. Sai zaiti, wato itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, aka daddasa shi a filayen da haƙar kuza ta lalata, yanzu kuwa ya cika Bukuru da Rayfield da bakin tsofaffin kududdufan ma'adinai. Shi dogayen zirara yake zubarwa, ƙarƙashinsu fari da ruwan toka da ɗan ruwan hoda. Mutumin Jos ba shi da uzurin rasa abin dubawa.

Kafin a taɓa almakashi sai an je wurin bishiyar. Ana tafiya da farar takarda mai laushi ko akoko marar kauri, a manna a jikin kututture, a kwantar da gawayi a goga da cikinsa ba da tsininsa ba. Wuraren da suka taso su yi baƙi, ramuka su rage fari. A yi haka a wuri uku, gindi da daidai ƙirji da inda hannu ya kai, domin ɓawon gindi ya fi tsufa da zurfi. A zura tsinke cikin tsaga a auna zurfinta a rubuta. Hoton waya da tsakar rana ba ya amfani, rana a tsaka tana shafe inuwa. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa daga gefe. Sannan a watsa wa ɓawon ruwa kaɗan a sake dubawa, nan ne launukan da ƙura ta rufe ke bayyana. Yawancin ɓawon da muke kira ruwan ƙasa, in ka dube shi da kyau, ruwan toka ne mai ratsin kore da ja.

Roƙona a nan, kada a sassaƙi bishiya mai rai. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in aka zagaye kututture da sassaƙa an yanke wannan hanya, bishiyar ta mutu a tsaye. Dubi maɗatan bakin hanya yadda masu neman magani suka mayar da su. Kuka ce ke iya mayar da fatarta bayan an ɗaye don igiya, ba kowace bishiya ke da wannan baiwa ba. Ɓawon zaiti yana nan zube a ƙasa kyauta, na sauran kuma ana samu wurin masu yankan katako.

Yadin da ya fi karɓar wannan aiki na auduga ne zalla: akoko, alawayyo, tsohon zanen gado, tsohon rawani, gyauron saƙi. A layin gwanjo na Kasuwar Katako ana tsintar su da araha, amma a gwada kafin a saya da yawa. A zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, ulu kuma ƙaurin gashi yake yi. Na roba ba ya shan rinin itace, kuma ba ya yin gashin da ake nema idan an tsaga shi.

Rini shi ne inda nake so a zauna a natsu, domin nan ne rabin kyan aikin yake. Sabon akoko cike yake da sitati da maiƙon auduga, in ba a fitar da su ba rini zai kama dabbare-dabbare. Ga yadi rabin kilo, a zuba ruwa lita 10 da garin sodar wanki giram 10, ba soda mai cin hannu ta masu sabulu ba, a dafa awa guda. Ruwan zai koma kamar shayi, alamar ya fita ke nan. Jiƙaƙƙiyar kanwa da aka tace ma tana yi. Daga nan sai bagaruwa. Ga kowane giram 100 na busasshen yadi, a daka bagaruwa giram 40, a fitar da 'ya'yan, a zuba tafasasshen ruwa ta kwana, a tace da kyau, a tsoma yadin awa biyu ana juyawa. A matse, kada a ɗauraye sosai, a mayar da shi cikin ruwan ɗumi da aka narkar da alif giram 15 da ɗan soda giram 2, ya kwana. Auduga ba ta riƙe alif ita kaɗai, bagaruwar ce ke kama shi ta ɗaure shi a jikin zaren. Wanda ya tsallake bagaruwa zai ga launinsa na bin ruwan wanki.

Ɓawon rini kuwa, ko na zaiti ko na maɗaci, nauyinsa ya ninka na yadin sau biyu. A farfasa shi, a jiƙa kwana huɗu zuwa mako guda, sannan a ɗora a wuta marar ƙarfi awa biyu, yana tururi ba ya zaɓalɓala. Tafasa mai ƙarfi tana kashe jan ta bar launi duƙun-duƙun. Zaiti na ba da ruwan ƙasa mai haske, maɗaci ja-ja kamar jan ƙasa, ganyen marke rawaya. Tukunyar ta zama ta silba ko samira marar ɓarewa, kuma daga ranar ta bar kicin. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa duk abin da aka sa mata baƙi-baƙi zai fito.

Wannan tsatsar dai, idan aka riƙe ta da lissafi, ita ce ke ba da ruwan toka da baƙin tsaga. Dukawan Naraguta da ke nan Jos sun san sirrin a fata, masu rinin laka na Mali sun san shi a yadi: ƙarfe in ya haɗu da ruwan bagaruwa ko marke baƙi yake haifarwa. A zuba ƙusoshi masu tsatsa cikin tafin hannu a kwalba, da ruwan khal kofi ɗaya, ruwa kofi biyu, a rufe sako-sako a ajiye mako biyu. A ɗebi cokali biyu a sirka da ruwa lita guda. Duk inda aka shafa shi a yadin da ya sha bagaruwa, cikin minti guda zai fara toka-toka, kuma ya ci gaba da duhu muddin iska na bugunsa, don haka a tsaya tun launin bai kai inda ake so ba. Yawan ƙarfe yana cin zare, bayan 'yan shekaru wurin ya riƙa yagewa kamar tsohuwar takarda. A ɗauraye sosai. A tuna kuma jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu nesa ba kusa ba. Da hunturu kada a shanya rini a kan igiya a ninke, iskar Jos na busar da gefe kafin tsakiya ta bar zane a wurin ninkin. A shimfiɗa a inuwa ana juyawa. Launi bakwai ko takwas sun ishi bargo guda, amma biyar a cikinsu su kasance 'yan uwan juna, daga toka mai haske zuwa mai duhu.

Ga tsamiya da darbejiya, tsagawa ake yi. A jera yadi biyar: na ƙasa mafi duhu, sai ja-ja, sai ruwan ƙasa biyu, na sama ruwan toka. Muhimmin abu, a yanke su a karkace, yadda layin ɗinki zai ratsa saƙar yadin ta kusurwa, ba ya bi tsawonta ko faɗinta ba. In aka tsaga bisa miƙaƙƙen zare, dogayen zaruruwa ne za su riƙa zubowa har bakin ya ƙare. In a karkace ne, bakin tashi yake ya yi gashi ya tsaya. A ɗinka layuka daga sama zuwa ƙasa, tazarar kusan rabin inci, amma kada su miƙe kamar layin littafi. Su matso, su buɗe, biyu su haɗe su zama ɗaya, kamar yadda gogen gawayin ya nuna. Sai a zura almakashi mai tsini tsakanin layi da layi a yanke na sama huɗu a bar na ƙasa. A bar na ƙasan ya fi sauran tsawo da inci guda domin bakin almakashi ya gane hanyarsa, a kuma zura siririn kwali a kansa ya kare shi. Wasu wuraren biyu kawai za a yanke, wasu uku, domin tsagar bishiya ba zurfi ɗaya take ba. A wanke, a goge da buroshin wanki mai tauri tun yana da laima. Atamfa ba ta dace da nan ba, saƙarta ta yi matsi, bakinta ba ya tashi.

Kaɗanya ita ce mai cin rai, kuma ita na fi so. Yadi biyu ake haɗawa, fuska da siririn akoko a bayanta. A zana gidajen da allin tela, kowanne inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kada biyu su zo daidai, a bar hanya ta kwatan inci tsakaninsu, ita ce tsagar. A zagaye kowane gida da ɗinki. A juya baya, a yi wa akokon kowane gida 'yar tsaga ta rabin inci, a tura auduga da ɗan sanda marar tsini, a fara da kusurwoyi, sannan a rufe da allurar hannu. Audugar rimi ta yi kyau a nan saboda rashin nauyi, amma santsi gare ta, tana tashi a iska, kuma da ta ga wuta ta kama, a nisanta ta da dutsen guga na gawayi. Bargo mai inci 24 da 36 yana cin gida kusan ɗari huɗu, in kowane ya ci minti uku an doshi awa ashirin a cushe kaɗai. Abin da ke ɓata shi zari ne. In aka cusa har gida ya yi tauri kamar goriba, yadin zai janye ta ko'ina ya lanƙwashe kamar ƙwarya, kuma guga ba ta gyara shi. A cusa yadda in ka danna da yatsa zai lotsa ya dawo. Ko da hakan faɗin zai ragu da inci biyu zuwa uku, a ƙara su tun wurin yanka. Hanyoyin tsakani a cike su da ɗinki kusa-kusa na baƙin zare su kwanta, sannan a bi da siririn buroshi da ruwan ƙarfe. Idan cikin 'yan wurare aka sa jan zare maimakon baƙi, ya yi kama da jan da ke ƙarƙashin ɓawon kaɗanya, ido kuma yana kama shi ko daga nesa.

Zaiti da ararrabi sun fi sauƙi. Yaga ƙyalle ake yi da hannu, ba yanka ba, tsawon taƙi biyu ko uku, a ɗora wani kan wani, mai haske a ƙasa. A ɗinke gefe ɗaya a bar ɗayan sake. A sirka farin gam na kafinta kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, a shafa wa sakakken gefen, a naɗe shi a jikin fensir, in ya bushe a zare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in gam ya fara kamawa an makara. Sitati da koko ma suna naɗewa, amma abincin kyankyasai ne, kuma damina ɗaya ke saukar da su. Tsohon rawani ko mayafin auduga shi ke ba da siririyar fatar ararrabi. Ga kuka, shaddar auduga da aka rina toka aka kai wa masu bugu ta yi sheƙi, a yi mata manyan naɗi da hannu, ɗinki kaɗan. Maɗaci kuwa dabararsa janyewar yadi ce: wankakkiyar fuska a kan akokon da bai taɓa ganin ruwa ba, a ɗinka ƙananan zagaye, a tsoma a ruwan zafi, na ƙasa ya janye na sama ya tattare. A gwada akokon tukuna, a auna inci 10 a wanke, in bai ragu da rabin inci ba a nemi wani.

Idan fuska ta kammala sai haɗa rufi uku. Na tsakiya tsohon bargon auduga marar kauri ya fi, ko audugar da aka shiɓe aka shimfiɗa daidai. Soso kada a kusance shi, yana yin ja ya ruɓe ya zama gari a cikin aikin. Bayan ya fi fuska da inci biyu ta kowane gefe. A shimfiɗa a ƙasa mai tsabta, a kama su da manyan ɗinkin wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, tazarar inci huɗu. Wanda ya fara daga gefe zai tara yadi a tsakiya ya rasa inda zai kai shi.

Baƙar keken ƙafa, Butterfly ko Singer, ta isa, ko da wuta ko babu. Allura lamba 16, a wurare masu kauri 18, a canza ta da zarar ta fara ƙara tana tsallake ɗinki. A tsawaita ɗinkin, a sassauta dunƙulen da ke saman keke mai danna ƙafa, in ba haka ba yadin sama zai riƙa gudu ya bar na ƙasa. Don ɗinkin da hannu ke juyawa yadda ya so, a mayar da tsawon ɗinki sifili, a rufe haƙoran keke masu jan yadi da siririn kwali mai huda, a cire ƙafar. Amma a sauke hannun ƙafar duk da babu ita. In yana sama zaren sama ba shi da riƙo, sai ya taru a ƙarƙashi kamar sheƙar tsuntsu. Yatsu kuma su yi nesa da allura. Zaren ya zama na auduga in za a shafa rini bayan ɗinki, domin na roba fari zai tsaya ƙal a tsakiyar baƙar tsaga. Sannan ɗinki ya wadatu ko'ina. Wurin da ya sha ɗinki janyewa yake, wanda bai sha ba ya saki, shi ya sa ake ganin gefen bargo yana igiyar ruwa a bango.

Kafin rufe baki sai an daidaita shi. A yayyafa ruwa ya yi laima, a shimfiɗa a kan falanki, a ja a kafe da fil, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu har awon ya zo ɗaya, a bar shi ya bushe a wurin. Ba na son a yi wa irin wannan aiki baki mai fitowa fili kamar na zanen gado, yana yanke bishiyar ya mayar da ita hoto cikin firam. Zirin yadi mai faɗin inci biyu da rabi ake ɗinkawa a gefen fuska, a juya shi gaba ɗaya baya, a kalmashe da hannu, sai ɓawon ya tafi har ƙarshe. A baya daga sama a ɗinka aljihu mai faɗin inci huɗu, a ɗan sake shi, a zura siririn katako busasshe. A ƙasan bayan a rubuta sunan bishiyar da inda take da shekarar.

Daminar Jos tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, bango yana shan sanyi, yadin da ya manne da shi kuwa fumfuna yake yi. A sa ɗan katako ya ɗaga shi rabin inci daga bango iska ta ratsa. Ƙurar hunturu a kaɗe ta da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ba a wanke aikin da aka sa wa gam. In za a ajiye, a naɗe shi a kan gora fuska na waje, a rufe da tsohon zanen auduga, ba leda ba, domin ninki yana karya cushe, leda kuma tana tara gumi. Rinin itace ba ya jure rana kai tsaye, shekara guda gaban taga ta isa ta koɗar da shi. Kada kuma a rataya shi a bangon da ke fuskantar taga ko a ƙarƙashin ƙwan fitila daidai, hasken gaba yana cike ramukan ya mayar da shi shimfiɗaɗɗen yadi. A ba shi bangon da ke gefen taga, inda haske zai shafo shi a karkace kamar hantsin da aka ɗauki hoton bishiyar a cikinsa.